Kircin hannu a ƙasar Cadakori: wane magani ya kamata mu saya?

Idan kaka ta wuce, aka gama kai damman hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara busowa daga gabas, akwai wata cuta da ke tashi a garuruwanmu. Ba ta kwantar da mutum, ba ta kai shi kabari, amma tana hana shi neman abinci. Wanda ya shiga kasuwar Cadakori a wannan lokaci, ko ta Gidan Rumji, ko ya bi babbar hanya zuwa Agye da Gazawa, in ya lura da hannuwan jama'a zai gan ta. Ga mai ƙuli-ƙuli yatsunta sun tsattsage, ga magini ya naɗe tafinsa da tsumma, ga yarinya mai talla tana susa har jini na fita. Hausawa suna ce ma wannan cuta kirci, likitoci kuwa suna ce mata egizema.

Hannu shi ne jarin talaka. Da shi ake noma, da shi ake daka, da shi ake gaisawa, da shi kuma ake cin tuwo cikin akushi ɗaya. Mace mai sayar da fura, ranar da masu saye suka ga hannunta yana saɓa, sai su zarce wurin maƙwabciyarta, wani ma har ya yi raɗa ya ce kuturta ce. Magini, ranar da bai iya riƙe cebur ba, ranar babu kuɗin cefane a gidansa. Don haka ne mai kirci yake sayen duk abin da aka miƙo mashi, in dai an ce magani ne. To, abin da muke so mu bayyana a yau shi ne, mafi yawan maganin wannan cuta mai araha ne, ana kuma sayensa ba tare da takardar likita ba. Sai dai kusa da shi, a kan tire guda, akwai wani maganin da ke lalata hannu. Wajibi ne mai karatu ya iya rarrabe su.

MENE NE KIRCI?

Kowa ya san jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Ku tambayi majemi yadda yake aikinta. Zai gaya maku sai ya jiƙa ta cikin ruwan toka gashi ya zube, ya jeme ta da bagaruwa, daga baya kuma dole ya ba ta mai. In bai ba ta mai ba, sai ta bushe ta yi ƙarau, da an lanƙwasa ta sai ta tsage. Fatar ɗan Adam ma haka take, bambancin kawai ita tana yi ma kanta mai. A samanta akwai wani siririn rufi mai maiƙo wanda ke tsare damshi a ciki, yana kuma hana dauɗa da ƙwayoyin cuta shiga daga waje. Wannan rufi yana da ɗan tsami-tsami. Sabulu kuwa dangin kanwa ne, kowace mai girki ta san kanwa tana kashe tsami. Duk sa'ad da aka tsoma hannu cikin kumfa, wani abu na maiƙon yana tafiya. In aka ba fata hutu sai ta mayar da abin da ta rasa. In ba a ba ta ba, sai rufin ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamun cutar su ne bushewa, da ƙaiƙayi, da saɓa, da faso a gaɓoɓin yatsu. A baƙar fata ba a faye ganin ja ba. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wani lokaci ƙananan ƙuraje masu ruwa suna fitowa a gefen yatsu da cikin tafi, su yi ƙaiƙayi mai tsanani, su fashe, su bar ɓawo. In abin ya daɗe, sai fata ta yi kauri da kaushi.

Likitoci sun raba kircin hannu gida biyu. Akwai wanda aiki ke jawowa sannu a hankali, saboda yawan ruwa da sabulu da ƙura. Wannan yana iya kama kowa, shi ne kuma ya fi yawa. Akwai wanda ke zuwa don jikin mutum ya ƙi jinin wani abu guda, misali baƙin lalle ko wani ƙarfen zobe. Wannan ko kaɗan abin ya taɓa shi sai ya tashi, kuma jiki ba ya mantawa har abada. Bayan haka, wanda ya yi fama da ƙaiƙayin fata tun yana yaro, ko akwai masu ciwon fuka a danginsa, fatarsa ta fi saurin kamuwa. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 yana samun kircin hannu a cikin shekara, mata kuma sun fi maza, saboda aikin ruwa ya fi yawa a kansu.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: kirci ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa wajen gaisuwa, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare, uwa ba ta shafa ma jaririnta.

SU WA YA FI KAMAWA A ƘASARMU?

Masana lafiyar ma'aikata suna ƙidaya mutum cikin masu hatsari idan hannunsa na cikin ruwa fiye da awa 2 a yini, ko yana wanke shi fiye da sau 20. To, ku lissafa yinin matar karkara: jan guga da asuba, wanke-wanke, wankin hatsi, wankin tsummokin jariri, girki, ga kuma wankin tufafi da garin sabulu, wani lokaci har da ruwan jabel. Sabulun soda da ake yi a gida, in soda ta yi yawa ko ba a bar shi ya huce makonni ba, cin hannu yake yi kamar wuta.

Manomi ma bai tsira ba. A ƙasar Agye da Gazawa da Cadawa, inda noman aya ya kafu, girbinta aikin hannu ne tsantsa: a ƙone ganyen, a tone, a yini ana tankaɗe ƙasa mai toka. Mai watsa takin zamani da hannu tsirara, da mai cuɗa iri da maganin ƙwari, su ma suna cikin lissafi. Haka marini da ke aiki da soda, da majemi da ke tsoma hannu cikin ruwan toka, da bakanike da ke wanke baƙin mai da fetur. Ma'aikatan ofis kada su ce ba ruwansu: malamin lakwal yana yini da alli, ma'aikacin likita yana yini da sabulu.

Magina suna da nasu hatsari na dabam. Ɗanyen siminti yana ƙuna kamar soda, kuma akwai wani sinadari a cikinsa mai suna kurom wanda jiki ke ƙin jininsa. Ƙasar Danmak ta kafa dokar rage shi tun 1983, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2005, ta ce kada ya wuce miligiram 2 cikin kilo guda, aka kuma ga cutar ta ragu tsakanin maginansu. Wannan ya nuna mana kircin magini ba ƙaddarar sana'a ba ce. Abu ne da ake iya tarewa.

Sai kuma kwalliya. Jan lallen gargajiya da wuya ya cuci kowa. Baƙin da ake haɗawa da dayis shi ne abin tsoro, domin akwai sinadarin rinin gashi a ciki. Amarya takan ga zanen ya kumbura ya yi ruwa daidai inda aka zana, bayan kwana 2 ko ma bayan mako guda. Wadda abin ya taɓa samu, ta bar baƙin lalle da rinin gashi gaba ɗaya.

KADA A RIKITA SHI DA WASU CUTUTTUKA

Kafin a saye magani, sai a tabbata kircin ne, domin maganin wata cuta guba ne ga wata.

Ƙazwa tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma sai ka tarar mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna susa. Wata ƴar ƙaramar halitta ce ke shiga fata, tana yaɗuwa, kuma sai an yi ma dukan mutanen gida magani rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Makero yakan yi zobe mai kaifin baki, sau da yawa a hannu ɗaya kaɗai, tare da cin ruwa a yatsun ƙafa. Maganinsa dabam ne.

Kuturta kuwa alamarta ta fari tabo ne mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Kirci yana ƙaiƙayi yana zafi. Kuturta kashe ji take yi. Wanda ya ga irin wannan tabo ya garzaya likita. Cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta san wannan aiki tun shekarun 1950, cutar tana warkewa, kuma tun 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya duka.

MAGANI NA FARKO: MAI

Da yawa za su yi mamaki in muka ce babban maganin kirci shi ne man shafawa na kullum, wanda ba shi da turare ba shi da launi. Dalili kuwa mun faɗe shi wajen majemi: abin da fata ta rasa shi za a mayar mata.

Farin bazalin shi ne kan gaba. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ya yi rajistarsa a 1872, har yau kuma ba a samu abin da ya fi shi tsare damshi ba, domin yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke fita daga fata. A nemi fari tas a farmasi. Mai ƙamshi da mai launi na kwalliya ne, turaren da ke ciki yana iya tayar da cutar. Man kaɗe mai tsabta, wanda kakanninmu suka sani, shi ma yana aiki ƙwarai, muddin ba a gauraya shi da turare ba, bai kuma yi ɗaci ba. Gilisarin yana jawo damshi, amma a cikin hunturu kada a shafa shi shi kaɗai; a ɗora bazalin a kansa. Akwai kuma man farmasi mai sinadarin ure, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, mai tausasa tafin da ya yi kauri, sai dai yana yin raɗaɗi a kan faso. Man gujiya a bar shi ma miya, musamman kada a shafa shi ga jariri mai ƙurajen fata.

Yadda ake shafawa ya fi sunan man muhimmanci. A shafa bayan kowane wankin hannu, da bayan alwala, tun fata na da ɗan damshi, cikin minti 2 ko 3. A bi tsakanin yatsu da gefen farce. Da dare bayan lisha a wanke hannu da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane shi da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a lafta man da kauri, a sa safar auduga mai tsabta a kwana da ita. Inda ya yi faso mai zurfi, a cika shi da bazalin a rufe da filasta. A ɗebi man da cokali mai tsabta, kada a riƙa tsoma yatsa mai ciwo cikin kwalba. Gargaɗi ga mata: tsumman da ya sha mai yana kama wuta da sauri, kada a matsa kusa da murhu ko fitila da shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Saman fata yana ɗaukar kamar mako 4 kafin ya sabunta, rufin maiƙon kuwa yakan yi watanni bai koma daidai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina shafa mai ranar da ƙaiƙayi ya tsaya. A ci gaba har hunturu ya wuce.

MAGANI NA BIYU: IDOROKORTIZON

Idan fata ta riga ta kumbura tana ƙaiƙayi, mai kaɗai ba ya kwantar da ita da wuri. Nan ne ake bukatar fomad mai suna idorokortizon, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ko rabin haka. Likitoci biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, su ne suka fara nuna amfaninsa a kan fata a 1952. Shi ne mafi sauƙi cikin dangin magungunan da ake ce ma kortizon, don haka ne ƙasashe da yawa suka yarda a saye shi ba tare da takarda ba. A tambayi mai farmasi, a kuma karanta sunan da adadin a jikin kwalin.

Ga ma'auninsa. A matso shi a kan manuniya, daga kan yatsa zuwa gaɓar fari. Wannan kimanin rabin giram ne, ya kuma ishi hannu ɗaya ciki da baya. Wanda hannuwansa biyu suka kamu duka, yana shafawa safe da dare, zai ci giram 2 a yini, wato bututu mai giram 15 na mako guda ne. In tabo ɗaya ne, ɗan kaɗan ya isa. A shafa a wurin ciwo kaɗai, a dakata kamar rabin awa, sannan a bi da bazalin. Kada a wuce kwana 7 ba tare da shawarar likita ba. Kada a sa shi inda ke da mugunya, ko inda ake zaton makero ne ko ƙazwa. Yaro ƙarami da mace mai ciki, a fara tambayar likita.

Fatar tafin hannu tana da kauri, saboda haka wani lokaci wannan magani ba ya ratsa ta. In haka ta faru, lokotoro yana iya rubuta wanda ya fi shi ƙarfi, ya kuma yanke kwanakin da za a yi ana shafawa. Wannan hukunci nasa ne.

Game da ƙaiƙayin dare, akwai ƙwaya mai suna kulorfeniramin. Ba ta warkar da kirci, barci take sawa don mutum ya huta da susa. Direba da ɗan kabu-kabu kada su sha ta da rana. Tsumma mai ruwan randa a kan wurin na minti 10 yana rage ƙaiƙayi, yanke farce kuma yana rage ɓarna. In ƙuraje suna zubar da ruwa, ma'aikatan likita sukan ba da ferumanganat a jiƙa hannu. A narke shi sosai har ruwan ya yi launi mai haske ƙwarai, domin in ya yi duhu ƙuna yake yi. Ba a shan sa, kuma a ɓoye shi daga yara.

HATSARIN MAGANIN TIRE

Yanzu mun zo ga inda ɓarna take. A kowace kasuwa akwai masu yawo da magani a kan tire ko bayan keke, rana na dukansa tun safe. Cikin kayansu akwai ƴan bututu masu kyan kwali da ake cewa suna maganin kowace cutar fata. Ku karanta ƙananan baƙaƙen da ke jikinsu. In kun ga Clobetasol ko Betamethasone, ku sani kortizon ne mai ƙarfi. Na farkon ya fi idorokortizon ƙarfi sau ɗaruruwa. Shi ne kuma ake zubawa cikin man canza launin fata.

Yaudarar wannan magani ita ce yana aiki. Cikin kwana 2 ƙaiƙayi ya tsaya, mai ciwo ya yi ta sa ma mai tire albarka. Da ya daina, sai cutar ta dawo fiye da da, ya koma ya sake saye. Bayan watanni sai bayan hannu ya yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, launi ya yi dabbare-dabbare, ɗan ƙwarzane kaɗan ya zama gyambo. In makero ne aka shafa ma, sai ya ɓoye kamanninsa ya bazu. Wanda ke shafe jiki duka da shi shekara da shekaru, maganin yana shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Da yawan irin waɗannan bututu an haɗa su da wani maganin ƙwayoyin cuta mai suna Neomycin, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da fata ta fi ƙin jininsu. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama.

Bayan haka ga matsalar jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa ko jabu ne ko bai kai inganci ba. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka ɗauki alkawarin yaƙi da wannan fatauci a taron Lome na 2020. Tun 1962 ƙasarmu ta kafa ofishin magunguna na ONPPC, tun shekarun 1960 kuma ƙauyukan Maraɗi suka san akwatin magani na masu taimakon gaggawa da ungozomomi. Manufar duka ɗaya ce: talaka ya samu maganin da aka san asalinsa. A saye a farmasi, ko ɗakin magani mai izini, ko gidan likita.

Akwai kuma dabarun da ake gada a bakin kasuwa: man birki, ruwan batir, kananzir, baƙin man mota, lemun tsami, toka, ko a fasa kafso a barbaɗa garinsa. Raɗaɗin da suke yi shi ke danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, mutum ya zaci waraka ce, alhali ƙona sauran rufin fatar suke yi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba wanda zai ce ma uwar gida ta bar wanki, ko magini ya bar gini. Amma akwai gyaran da kowa ke iyawa. A tara wanke-wanke a yi shi lokaci guda maimakon a yini ana tsoma hannu. A narke garin sabulu cikin ruwa da muciya kafin a sa hannu, a ɗauraye sosai bayan an gama. A cire zobe da warwaro kafin aikin ruwa, domin kumfa na maƙalewa a ƙarƙashinsu. A sa safar hannu ta roba wajen wanki da rini da kwaɓa siminti da watsa taki; in da hali a sa ta auduga daga ciki, a riƙa cirewa bayan kamar minti 20 don gumi ya bushe, in an gama a juya ta a shanya. Safar da ta huje ta fi rashinta cutarwa. Bakanike ya fara narkar da baƙin mai da man girki, sannan ya wanke da sabulu mai sauƙi. In uwar gida na fama da faso, ƴaƴa da abokan zama su karɓe mata wanki na mako biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma wani ya fahimci cewa mun hana wanke hannu. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta annobar amai da zawo ta 2018 ba, wadda ta fara daga gundumar Madarumfa. Wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki da kafin cin abinci wajibi ne ga mai kirci da maras shi. A wanke, a tsane, a shafa mai.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA?

A tafi a ranar, ba tare da jinkiri ba, idan wurin ya yi mugunya ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko hannu ya kumbura yana zogi, ko kaluluwa ta fito a hamata, ko zazzaɓi ya biyo baya. Waɗannan alamu ne cewa ƙwayoyin cuta sun shiga ta faso. A tafi kuma idan an yi mako 2 ana shafa mai ana kare hannu ba a ga sauƙi ba, ko cutar na dawowa duk sa'ad da aka koma wani aiki, ko ta bazu zuwa fuska da sauran jiki. Mai ciwon suga kada ya jira ko kaɗan. Yaro da bai kai shekara 5 ba a kai shi tun da wuri. In za a tafi, a riƙe dukan bututun da aka riga aka shafa, a nuna ma ma'aikacin likita ba tare da jin kunya ba, domin da su zai gane abin da ya faru.

KIRA GA MASU KARATU

Ya ku waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi rana. Sunan da ke jikin kwalin magani, da adadinsa, da ranar da zai lalace, duk a rubuce suke. Kafin ɗan uwanku ya ba da kuɗinsa, ku karɓa ku karanta mashi. Ku zauna da mata a tsakar gida ku karanta masu wannan shafi, domin su ne cutar ta fi damu. Masu gari da malaman lakwal da ma'aikatan gona, ku gaya ma jama'a cewa mai kirci ba abin ƙyama ba ne, a ci furarta, a gaisa da shi. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da ƴan kwangila, idan kuna lissafin taki da siminti, ku sa kuɗin safar hannu a ciki. Masu kula da ɗakunan magani a Cadakori da Gidan Rumji da Agye da Gazawa, kada ku bari farin bazalin ya yanke a cikin hunturu, domin wanda ya zo bai samu ba wurin mai tire zai koma.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.